Mai Ihu da Mai Sanɗa

Ranar da komai ya canja Talata ce, da safe, tun ruwan shayi bai tafasa ba a butar ɗakin awo.

Madubi ya buɗe akwatin ɗumi inda suke renon ƙwayoyin cuta, ya ciro kwalbar nan mai faɗin baki. Haka ake yi tun yana saurayi: a jera farantai a ciki, a kunna guntun kyandir, a rufe. Kyandir ya ci iskar da zai ci ya mutu, su kuma ƙwayoyin da suka fi son irin wannan iska su miƙe ƙafa. Asibitin ya taɓa sayen injin da ke yin wannan aiki. Ya ɗan yi kwanaki ya tsaya, ana jiran mai gyara tun zamanin tsohon shugaba. Kyandir kuwa bai taɓa neman mai gyara ba.

Ya ɗaga faranti ɗaya ya duba a hasken taga. A kan abincin ƙwayoyin mai launin cakulan, ga wasu 'yan ɗigo-ɗigo masu ruwan toka, ƙanana kamar raɓa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Ya tsufa yana kallon irinsu, shi ya sa ake kiransa Madubi, har sabbin ma'aikata ba su san yana da wani suna ba. Ciwon sanyi ne, wanda ake ɗauka ta wajen saduwa. Abin da ya ɗan tsayar da shi shi ne rubutun da ke kan murfin: ba daga inda aka saba aka ɗebo ba, ruwan gwiwa ne. Sai ya juya farantin ya karanta sunan mai shi.

Sunan 'yarsa ne.

Tun ranar Asabar take kwance a ɗakin mata, a hawa na sama. Zazzaɓi, gwiwa ta kumbura, wuyan hannu ya ƙi lanƙwasuwa, da 'yan ƙuraje jifa-jifa a yatsu. Shi ya riƙo mata jaka ranar da aka kwantar da ita. Watanta huɗu da aure.

Bai zauna ba. Ya ɗan lakuto ɗigo ɗaya, ya shafa a gilashi, ya rina, ya sa a ƙarƙashin madubin awo, ko Allah zai sa yau idonsa ya yi masa ƙarya. Ga su nan bibbiyu, suna fuskantar juna kamar ƙwayar wake da aka raba. Idon bai yi ƙarya ba. Bai taɓa yi masa wannan alfarmar ba.

Yana tsaye shugabar sashe ta shigo tana haki, jaka a kafaɗa. Shi ya koya mata riƙe gilashi lokacin da ta zo koyon aiki, yanzu ita ke sa masa hannu in zai tafi hutu. Ta dubi kwalbar a buɗe, ta dube shi.

"Baba Madubi, wa ya ce ka buɗe wannan?"

"Wa ya ce ki makara?"

"Cunkoson hanya ne. Da hannuna na sa farantin nan can ƙasa don kada ka gani." Ta karɓe farantin daga hannunsa a hankali, kamar mai karɓar wuƙa daga yaro. "Ka san doka, kai ka koya mini. Mutum ba ya taɓa awon wanda yake jininsa. Daga nan sai hannun likita, daga likita sai mara lafiya. Kai ba ka ga komai ba."

"To, ranki ya daɗe. Na tsufa ana ce mini Madubi, yau an wayi gari ba na gani."

"Ka tafi gida, don Allah."

"In yi me a gida? In ba kujeru labari?"

Bai tafi ba. Ya wanke kwalaben da aka riga aka wanke. Ya jera su, ya sake jerawa. Ya haɗa shayi ya manta shi a kan taga har ya yi sanyi. Ya hau bene zuwa ƙofar ɗakin mata, ya hango ƙafar gadonta, ya juyo. Ya sauko, ya tarar ba abin da ya sauko yi, ya sake hawa. Masu shara suka fara gaishe shi sau biyu-biyu.

A wannan hawan matarsa ta rasu, ɗaki na gaba. An zo masa ta'aziyya da maganganu masu daɗi, irin waɗanda ake ajiyewa don makoki kamar yadda ake ajiye kofunan baƙi. Ba wanda ya gaya masa ainihin abin da ya rasa. Duk tsawon zamansu, ta bakin matar yake magana da 'yarsa. Shi mutum ne na littafi. Ya karanta tarihin annoba, ya karanta tsofaffin mujallun likitoci da ake zubarwa yana tsincewa, yana iya yin awa yana bayanin yadda ƙwayar cuta ke yaudarar jini. Amma in yana so ya ce wa yarinyar ta yi kyau, sai ya ce wa uwar, "Gaya wa 'yarki rigar nan ba laifi." Uwar ta kai saƙo, ta ƙara masa gishiri a hanya. Tun da ta tafi, hirarsa da yarinyar ba ta wuce wutar lantarki da maganin hawan jini. Yana kiranta Mamana, don sunan mahaifiyarsa ta ci. A cikin kalmar nan ɗaya yake cusa duk sauran, yana fatan tana kwancewa.

Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, in ji mutane. To, macen ta mutu, ta bar shi da ciwon.

Wajen tsakar rana likita ta shiga ɗakin matan, wata siririya mai ƙaramar murya wadda ta san aikinta. Aka ja labule. Madubi ya tsaya can ƙarshen baranda, kusa da lif ɗin da ya lalace, yana karanta sanarwar wanke hannu kamar bai taɓa ganin ta ba.

Ba a jima ba surukinsa ya fito fuu, waya a kunne. Injiniya ake ce masa, ko da yake tayal yake sayarwa. Yana da hular kwano da yake ajiyewa a gaban mota, ba ta taɓa ganin ƙura ba. Bai lura da tsohon ba, ya bi matakala yana magana, muryarsa na dawowa sama.

"Yaya, ki zo lokacin ziyara, ki taho da Inna. A'a, ba maganar waya ba ce. Ku zo dai ku ji abin da aka aura mini."

Madubi ya bar karatun sanarwar. Ya san Yayar nan, tun ranar biki ya auna ta. In magana ta shiga kunnenta da la'asar, kafin magariba ta gama zaga dangi, ta haihu, 'ya'yanta sun yi aure. Magana kuwa zarar bunu ce. Allura za ta warkar da gwiwa cikin mako guda. Sunan mace in ya karye, babu asibitin da ke ɗori.

Ya bi shi. Ya same shi a wurin ajiye motoci, zaune a cikin mota, gilashi a rufe, yana dukan sitiyari da tafin hannu. Ya ƙwanƙwasa. Injiniya ya zabura, ya sauke gilashi.

"Baba, ina wuni."

"Fito."

"Baba, ka yi haƙuri, akwai maganar da ba ta dace tsakanina da kai ba."

"Na sani. Shi ya sa za mu yi ta a tsaye, mu gama da wuri. Biyo ni."

Ya ja shi ta ƙofar baya ta ɗakin awo, inda ake fitar da shara. Lokacin cin abinci ne, ba kowa sai shugabar sashe a kan teburinta. Ta ɗaga kai ta ga baƙo a inda baƙo ba ya shiga. Ta daɗe tana duban tsohon. Sannan ta miƙe ta ɗauki jakarta.

"Ni yunwa nake ji," ta ce. "Kuma kwanan nan mantuwa ta yi mini yawa. Ko wanda ya shigo ba na tunawa."

Da ta fita, Madubi ya ciro farantai biyu, ya liƙe sunayen da filasta, ya ajiye su gefe da gefe a ƙarƙashin fitila.

"Duba. Wane bambanci ka gani?"

Injiniya ya leƙa daga nesa, hannu a baya. "Ban ga komai ba, Baba. Duk ɗaya ne."

"Ni ma haka, kuma ni aikina ke nan. Yanzu faɗi abin da ke ranka."

Injiniya ya kau da kai daga farantan. Ya dubi ƙasa, sannan abin ya ɓalle masa.

"Baba, ni fa na san ciwon nan. Wani abokina ya taɓa yi muna makaranta."

"Abokinka."

"Abokina. Ko kwana uku bai yi ba fitsari ya zame masa garwashi. Yana dafe bango yana kuka, babba da shi. Namiji ba ya ɗauke da wannan abu bai sani ba. Ni kuwa lafiyata ƙalau, ko ƙaiƙayi babu. To in ba ni ba ne, Baba, wane ne? Ni ma ɗan mutane ne. Sai a ce in ba da awo, kamar ni ne mai laifi?"

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Abin da ya fi ba Madubi haushi shi ne yaron ba ƙarya yake yi ba. Da gaske ya yarda an cuce shi. Idonsa har ya kawo ruwa.

Ya nuna farantin hagu da ƙarshen biro. "Wannan na wani bawan Allah ne da ya zo jiya yana tafiya kamar an ɗaure masa ƙafa. Irin na abokinka. Ni ina kiransa mai ihu. Da ya iso bakin ƙofa yake fara faɗa, jiki ya turo masa dakaru, a yi ta gwabzawa. Zafin da abokinka ya ji, zafin yaƙi ne, ruwan da ke fita kuma gawawwaki ne. Mummuna ne, yana ɓarna in an ƙyale shi, amma wawa ne, don yana tona kansa. In ma ya yi gangancin faɗawa cikin jini, mafi yawa jinin kan kashe shi."

Ya matsar da biron zuwa dama.

"Wannan kuma sunansu ɗaya, gidansu ɗaya, amma ba halinsu ɗaya ba. Ka taɓa ganin 'yan uwa biyu, ɗaya mafaɗaci, ɗaya mai ladabi, kuma mai ladabin ne ya sayar da gidan? To shi ne. Mai sanɗa. Ba ya faɗa a bakin ƙofa. Yana da wata riga da yake yafawa, jini ya gan shi ya ɗauka ɗan gida ne, ya ba shi hanya. Sai ya zauna a jikin namiji shiru, ba zafi, ba ƙaiƙayi. In ya samu mace, musamman a kwanakinta na wata, sai ya tarar da ƙofa a buɗe. Ya bi jini. Ya sauka a gwiwa, a wuyan hannu, a fata. Wani lokaci har zuciya. Wanda ya fi iya shiru shi ya fi nisan tafiya."

Madubi ya ajiye biron, ya dubi Injiniya.

"Lafiyar nan da kake tutiya da ita, ba ta wanke ka ba. Gwano ba ya jin warin jikinsa."

"Likitar ma ta faɗi wani abu mai kama da haka."

"Ta faɗa. Ba ka ji ba ne, don mace ce kuma ba ta ɗaga murya. Ka ga, kai ma mai ihu kawai kake saurara."

Firij ɗin kusurwa ya tashi da gurnaninsa. Saurayin ya jingina da tebur, ya tuna inda yake, ya janye hannu da sauri ya goge a wando.

"Baba, ka ce yana zama a jiki. Kamar... har yaushe?"

"Watanni."

"Watanni." Ya lashi leɓe. "Har ya wuce huɗu?"

Madubi ya dube shi. Ya ga idon yaron ya tafi wani wuri, yana lissafi da baya-baya, yana neman wata fuska, wani ɗaki, yana addu'ar kwanan watan ya faɗo kafin ranar ɗaurin aure. Da amsa ɗaya zai iya rufe masa wannan ƙofa ya bar shi tsirara. Ransa ya so hakan ƙwarai. Amma wanda aka ƙure ba ya tuba, cizo yake yi, kuma wadda zai ciza tana kwance a sama da ƙarin ruwa a hannu.

"Yana yiwuwa," ya ce.

Gaskiya ce, tana cikin littattafai. Bai taɓa jin haushin littafi kamar na wannan rana ba.

"Ban tambaye ka yaushe ba, ban tambaye ka wace ce ba. Ni ba alƙali ba ne, mai awo ne. Abu uku nake so. Ka ba da awo yanzu. Ka karɓi allura yau, ba sai sakamako ya fito ba, don in ta warke ta koma gidanka kana yadda kake, aikin banza aka yi. Na uku, ka ciro wayar nan ka kira Yayarka."

"In kuma aka auna ni aka ga babu?"

"Sai ka zo ka same ni, ni da kai."

Ya faɗe ta kai tsaye, ko ƙiftawa bai yi ba. Amma ya san abin da bai faɗa ba. Faranti yana nuna ƙwaya, yana nuna halinta, amma ba ya faɗin wanda ya kawo wa wani. Babu madubin da ke ganin wannan. Abin da ya sani game da 'yarsa, ba a ɗakin nan ya koyo shi ba.

Injiniya ya ciro waya. Ya nemo lambar ya latsa.

"Yaya? E, ni ne. Ku bar zuwan nan. A'a, ba komai, raina ne ya ɓaci ɗazu. Ciwon gaɓɓai ne, likita ta ce... Na ce ba komai, Yaya. Haba, ke ma kin san ni da zuciya." Aka daɗe ana magana a ɗaya gefen. "To, na ji. Ni ne mara hankalin. Ki gaida Inna."

Shugabar sashe ta dawo daidai lokacin, kamar wadda ke tsaye a bayan ƙofa, kuma wataƙila a can take. Ta kai saurayin ɗakin ɗibar awo. Da ta dawo da sabon faranti, Madubi ya miƙa hannu, ta kauce.

"Wannan kam ba za ka taɓa ba. Suruki ma jini ne."

"Allah ya kiyaye."

Ta sa farantin a kwalba. Sannan ta miƙa masa ashana. Ya kunna kyandir, ta rufe. Suka tsaya suna kallon harshen wutar yana ƙanƙancewa har ya mutu.

Injiniya na jira a baranda, yana shafa inda aka yi masa allura. Ya rage tsawo tun ɗazu. Madubi zai wuce, ya tare shi.

"Baba, akwai abu ɗaya." Bai ɗaga kai ba. "Ɗazu, da likita ta fita, na faɗa wa 'yarka maganganu. Munana. Ba ta rama ba, ba ta ma yi kuka ba. Abu ɗaya kawai ta ce. Ta ce, ka yi duk abin da za ka yi, amma don girman Allah kada Baba ya ji. Ta ce a nan kake aiki, kowa na ganin girmanka. Ta ce in ka ji, ba za ta iya sake duban idonka ba."

Madubi ya tsaya.

"To," ya ce. "To."

Ya fita bakin asibiti ya sayi lemo. Ya daɗe yana zaɓe, har mai lemon ta ce, "Baba, aure za ka yi da su?" Tun safe yake gina magana ɗaya a ransa. A kan matakala ya fara ta, a wurin wanke kwalabe ya rage mata tsawo, a bakin lif ya cire kalmomin littafi. Ta zama gajeruwa, irin wadda ko shi zai iya furtawa ba tare da ɗan aike ba. Ya yi niyyar yau, sau ɗaya a rayuwarsa, zai kai saƙonsa da kansa.

Lokacin ziyara ya yi. Ɗakin mata ya cika da dangi da kwanuka da yara masu leƙen gadajen mutane. Gadonta na bakin taga. Ta jingina da matashi, hannun da ya kumbura a kan cinya, ƙarin ruwa na ɗiga. Idonta ya yi ja, amma ta wanke fuska, ta gyara ɗaurin kallabi. Da ta hango shi ta yi murmushi tun daga nesa, murmushin da aka shirya.

"Baba, sannu da aiki."

"Mamana. Ya jikin?"

"Da sauƙi. Likita ta zo ɗazu." Ta dubi lemon, ba shi ba. "Ta ce ciwon gaɓɓai ne kawai, irin na Mama. Allura za a yi ta yi mini, mako ɗaya in tashi."

Ta faɗe ta sumul, ba gargada. Ita ma tun rana take gina tata.

Ya jawo kujera ya zauna, karo na farko tun safe. Ya ciro 'yar wuƙarsa ya fara ɓare lemo, ɓawon na sauka a zare ɗaya.

"Gado ne," ya ce. "Mahaifiyarki ma da an fara ruwa sai gwiwa ta tashi. Ta ce gwiwar ta fi masu hasashen yanayi iya aiki."

Ta yi dariya, ta gaske a wannan karon, kafaɗunta suka sauka. Ya ga numfashin da ta riƙe tun shigowarsa ya fita.

"Ka sha maganin hawan jininka?"

"Na sha."

"Baba."

"Zan sha."

Ya raba lemon, ya miƙa mata ɓari-ɓari a hannun mai lafiya. Suka yi maganar wutar lantarki. Da Sista ta fara kaɗa ƙararrawar tashi, ya tattara ɓawon a aljihu, ya miƙe, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ta ce amin.

Maganar da ya hau bene da ita ya sauko da abarsa. Bai faɗa ba ranar, bai faɗa ba da aka sallame ta, kuma ya san ba zai faɗa ba, don faɗinta yana nufin ya sani, ita kuwa abu ɗaya ta roƙa. Ba wata doguwa ba ce. Mamana, tun kafin in tambayi kowa, tun farantin na hannuna, ko sau ɗaya ban zarge ki ba.